Pampas ko nafkin na wanki, idan yaro ya riga ya fara tafiya

Maganar pampas da nafkin yawanci mai jego ake yi wa ita, kamar in jariri ya yi wata shida an gama shawara ke nan. Ni kuwa sai da 'yata ta fara tatata na gane ashe lissafin sabo ne gaba ɗaya. Jinjiri fitsarinsa kaɗan-kaɗan ne ko da yake sau da yawa, amma ɗan shekara ɗaya da rabi mararsa ta fara riƙewa, sai ya tara ya tara sannan ya sake shi lokaci guda kamar an buɗe famfo, kashinsa kuma ya zama na mai cin abinci, ba sai na yi miki bayanin warin ba. Ga shi ba ya kwanciya a canza masa, kina ɓalle gefe ɗaya ya mirgine ya miƙe ya ruga tsirara yana dariya. To abin da ya yi miki aiki yana wata uku ba lallai ya yi yanzu ba. Na gwada duka biyun, 'yata babba, pampas zalla na yi mata har ta daina, ƙaninta kuma na haɗa masa da na wanki, shi ya sa nake ganin ina da ta cewa.

Bari in fara da pampas ɗin tunda shi kowa ya sani. Sunan ma na kamfani ne, Pampers, wanda Procter & Gamble suka fito da shi a 1961, sai ya zama ko wanne iri ka saya pampas ake ce masa, har Huggies da ya zo a 1978. Abin da ke cikinsa ba auduga ba ce kawai kamar yadda na ɗauka da. Ranar da na sani ita ce ranar da ɗaya ya ɓuya cikin kayan wanki ya fashe, na ɗago riguna na ga wasu 'yan ƙwayoyi masu santsi kamar ƙanƙara sun manne ko'ina, na fi awa ina kakkaɓewa. Wannan garin sunansa sodiyam foliyakirilet, a busasshe kamar gishiri yake, in ya sha ruwa ya kumbura ya zama jel, kuma a ruwa mai tsabta yana shan ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa, a fitsari kuwa saboda gishirin da ke ciki abin ya sauko zuwa kamar sau 30. A shekarun 1980 aka fara sa shi, shi ne ya sa pampas ya zama siriri. Muhimmin abin shi ne in ya sha ba ya mayarwa ko yaro ya zauna a kai ya yi ta tsalle, kuma wannan ne babban fifikonsa a kan kowane tsumma.

Na wanki kuma iri biyu ne a taƙaice. Akwai na da, tawul mai kusurwa huɗu da ake naɗewa a kama da fil a ɗora wandon roba a kai. Wani irin wandon ma wata uwa ce 'yar Amurka, Marion Donovan, ta gaji da wankin zanen gado a shekarun 1940 ta yanki labulen banɗaki ta ɗinka, kin ga matsalar ba yau ta fara ba. Sai kuma na zamani mai maɓallai, bayansa ba ya yoyo, cikinsa akwai aljihu da ake cusa tsumman shan fitsari, maɓallan kuma jere-jere ne yadda za ki ƙara girmansa yayin da yaro ke girma. A nan ne mutane ke yin kuskure, su saya su ce ba ya riƙe komai, alhali tsumman da ke ciki ne matsalar. Wanda aka fi haɗowa da shi maikirofaiba ne, wato tsumman zaren roba, yana sha da sauri yana bushewa da sauri, amma kamar soso yake, da an danna ya mayar, yaro mai faɗuwa daɓas a kan ɗuwawu sau hamsin a wuni kuwa ai dannawa ce aikinsa. Kuma ba a ɗora shi kai tsaye a fata, yana busar da ita. Auduga da wanda ake yi da zaren gora sun fi riƙewa sai dai sun fi jinkirin bushewa a igiya. Ni abin da ya yi min shi ne in sa biyu, maikirofaiba a sama ya kama da sauri, auduga a ƙasa ta riƙe. Duk da haka awa 2 zuwa 3 ne iyakarsa, kar wata mai talla ta ce miki zai kai wuni.

To kuɗi fa, tunda yawancinmu shi ne ke kawo mu wannan tunanin. Ba sai na faɗi farashi ba, ke kin san na wajenku, lissafin dai ga shi. Yaro mai tafiya yana cin kamar guda 4 zuwa 6 a rana, mu ce 5, a wata 150 ke nan, a shekara kusan 1,800. Ki ɗauki kuɗin fakitin da kike saya ki raba da yawan da ke ciki, ki samu kuɗin guda ɗaya, kuma ki lura duk lokacin da aka ƙara lambar girman pampas yawan da ke cikin fakitin raguwa yake yi, wato guda ɗaya na ƙara tsada yayin da yaron ke girma. Na wanki kuma idan duk bayan kwana biyu za ki yi wanki kina buƙatar guda 15 zuwa 20, don wasu na jiki wasu na bokiti wasu na igiya. Ki tara kuɗinsu ki raba da abin da kike kashewa a pampas duk wata, amsar ita ce watannin da za ki yi kafin kuɗinki ya dawo, sannan ki ƙara wata ɗaya ko biyu saboda sabulu da ruwa da wuta. Yanzu sai ki tambayi kanki wata nawa ya rage wa yaron nan ya hau fo. Wannan tambayar ce gaba da komai a wajena. Ɗan wata 12 yana iya samun shekara ɗaya da rabi a gaba, sama da guda 2,500 ke nan, na wanki zai biya kansa har da riba. Ɗan wata 22 da ya fara ɓuya bayan ƙofa in zai yi kashi kuwa, ki je ki zuba kuɗi a guda 20 na zamani, kafin su biya kansu ya gama da su, sai fa in kina sa ran ƙani ko ƙanwa da za su gada.

Amma gaskiya ba kuɗi ne ke korar mutane daga na wanki ba, wankin ne, kuma masu yabonsa ba su cika faɗin wannan ɓangaren tsakani da Allah ba. Kashin mai cin abinci ba ya narkewa a ruwa irin na mai shan nono zalla, dole ki fara kai shi masai ki kakkaɓe, in mai tauri ne alhamdulillahi ya faɗa da kansa, in kuma mai laushi ne irin na lokacin haƙori ko ya sha 'ya'yan itace da yawa, sai kin kankare kin ɗauraye kina kawar da kai. Akwai wata 'yar siririyar takarda da ake shimfiɗawa a ciki ta tare kashin ki ɗage ki yar, tana rage wahala sosai, amma a shara ake sa ta ba a masai ba ko da an rubuta ana iya, tana toshe bututu. Bayan nan ki ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, ruwan zafi yana kama tabon ya zauna, sannan wankin gaske da sabulu isasshe, in inji ne a kan digiri 60 musamman in yaro ya yi gudawa ko ƙuraje, sannan ɗauraya har sai kumfa ta ƙare. Kar ki sa ruwan laushin kaya mai ƙamshin nan, yana lulluɓe zaren da wani maiƙo sai fitsari ya riƙa zamewa ta gefe maimakon ya shiga. Na yi wannan kuskuren, sati biyu ina zagin nafkin ashe ni ce. Kuma in kika ji da yaro ya yi fitsari sai zarni mai shiga ido ya tashi nan take, to wankin ne bai fita ba, ba yaron ne ke da wata cuta ba.

Wani abu da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran: kar ki jiƙa su a bokitin ruwa ki ajiye a ƙasa. Yaro mai tatata nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa ya faɗa da ka ba ya iya fitowa, kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi, ba ya ma iya ihu. Ki ɗauraye ki matse ki ajiye a busasshen bokiti ko kwando mai shan iska, a inda hannunsa ba ya kaiwa, kuma kar ya wuce kwana biyu don yana yin fumfuna.

Sai shanya. In kina da rana da igiya kin huta, rana tana cire tabon rawayan nan kamar wasa. In kuwa lokacin ruwa ne ko sanyi, ko ɗaki ɗaya kike ba wajen shanya, za ki ga mai kauri ya kwana biyu bai bushe ba kina taɓawa kina tsaki, a irin wannan yanayin tawul ɗin da ya fi na zamani, tunda warware shi ake yi ya zama falle ɗaya. Saboda haka kafin ki saya ki duba tsakaninki da Allah: ruwa yana wadace, akwai inji ko da hannu ne, kuma wa zai yi wankin. In amsar ita ce ke kaɗai, bayan aiki da girki da goyon ciki wataƙila, to ƙarfinki ma kuɗi ne, ki sa shi a lissafi. Ba na son yadda ake sa uwa ta ji kamar ragguwa ce don ta zaɓi abin da zai bar ta ta yi barci.

Ɓangaren fata kuma kowane ɓangare na zargin ɗayan, masu nafkin su ce pampas zafi da sinadari, masu pampas su ce nafkin jiƙa. Abin da ke kawo ƙurajen a zahiri shi ne daɗewar fitsari da kashi a jiki. Ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi suna farfasa sinadarin fitsari ya koma amoniya, wato zarnin nan, shi kuma ya canza yanayin fatar ya ta da sinadaran narkar da abinci da suka fito cikin kashin su fara cin fatar da ta riga ta yi laushi da jiƙa, ga gogayya in yana gudu. Shi ya sa lokacin gudawa ya fi tsanani. A nan pampas yana da fifiko don yana janye ruwan daga fata, amma fifikon nan shi ne tarkonsa, tunda ba ya nuna ya jiƙe sai ki bar shi awa shida, balle in kina lissafin guda nawa suka rage a fakiti, na san wannan lissafin sarai na yi shi. Nafkin kuwa ba ya ba ki damar yaudarar kanki, in kin makara zani da kujera za su faɗa miki. Wasu yaran kuma turaren da ake sa wa wasu pampas ko tishun gogewa ne ba sa so, za ki ga jan ya bi layin roba a cinya da ƙugu, canza iri zuwa marar ƙamshi kan magance shi. A na wanki ma ragowar sabulu na yin haka.

Maganin dai ɗaya ne ko wanne kike sawa: kashi a cire shi nan take, a wanke da ruwa, a bari ya bushe sosai, a bar shi ya sha iska ba komai a jiki na ɗan lokaci, sannan a shafa man kariya mai zinki, farin nan mai kauri, ko basilin. In na wanki ne ki sa wani ƙyalle tsakani don man yana toshe zaren. Hoda kuma ki bar ta, yaro na shaƙar ƙurarta. In ƙurajen suka wuce kwana 3 ba sauƙi, suka yi ja sosai har cikin matsematsin cinya da 'yan ɗige-ɗige a gefe, yawanci fangas ne irin na kandida, yakan zo bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wannan sai an ga ma'aikacin lafiya ya ba da man da ya dace. Haka in akwai ruwa ko mugunya ko zazzaɓi.

Dare kam ba na ma jayayya, pampas ya ci. Yaron da zai yi awa 10 ko 11 yana barci, kafin na wanki ya riƙe wannan sai kin cusa tsumma uku har ƙafafunsa su buɗe kamar ɗan kwaɗo, kuma duk da haka wani lokacin ƙarfe uku na dare kina canza zanen gado cikin magagi, shi kuma ya wartsake yana son wasa. In pampas ɗin ma yana yoyo da dare gwada lamba ɗaya sama da wadda yake sawa, ki fito da 'yar tattarar da ke bakin cinya waje da yatsa, in namiji ne ki tabbatar gabansa na kallon ƙasa. Fita unguwa da tafiya mai nisa ma haka, ɗaukar jiƙaƙƙen nafkin mai kashi a jaka cikin zafi ba abin da nake yi wa kowa fata ba ne, ko da akwai jakar da ba ta yoyo. In kuma kina kai shi wajen reno ki tambaye su tukuna, da yawa ba sa karɓar na wanki.

Inda na wanki ya burge ni shi ne wajen koyon fo. Ƙaramin nawa yana jin ya jiƙe sai ya tsaya cak ya buɗe ƙafa ya kalle ni yana jan maɓalli, wato ya haɗa abin da ya ji a mararsa da abin da ya biyo baya, yayarsa kuwa da pampas tana fitsari tana ci gaba da wasanta ko a jikinta. A Amurka a shekarun 1950, lokacin kowa tsumma yake wankewa, yawancin yara kafin shekara 2 sun hau fo, uwar da ke wanki ai tana da dalilin gaggawa. A 1962 likitan yara T. Berry Brazelton ya kawo tsarin a jira yaro ya nuna ya shirya, pampas kuma ya sauƙaƙa jiran, yanzu da yawa a can sai sun kusa shekara 3. Amma kar ki ɗauka tsumma ne zai koya masa. Alamun shiri su ne abin dubawa, kuma yawanci tsakanin wata 18 zuwa 24 suke fara fitowa, wasu sai bayan haka: ya yi awa biyu a bushe, kashinsa ya samu lokaci, ya iya zama ya tashi da kansa, ya iya jan wando ƙasa, ya fahimci ƙaramin umarni, ya fara nuna ƙyamar abin a jikinsa. In waɗannan sun bayyana to ki bar gardamar pampas da nafkin, ki sayi wandunan auduga guda goma da fo, ki naɗe kafet, ki shirya tsumman goge ƙasa na sati biyu. Pampas mai kamar wando ɗin nan da ake ja sama yana da daɗi ga yaron da ba ya kwanciya a canza masa, amma shan fitsarinsa ɗaya da na kullum, yaron ba zai ji bambanci ba, ga shi ya fi tsada. Na dare kuwa daban ne, ba koyo ba ne, girman jiki ne, kuma fitsarin kwance har shekara 5 ba abin tashin hankali ba ne, balle duka.

Masu maganar muhalli ma suna da gaskiyarsu, pampas akwai roba a ciki kuma ba ya ruɓewa da wuri, kusan dubu biyu a shekara daga yaro ɗaya ba ƙaramin tsibi ba ne. Amma wanki ma yana cin ruwa da wuta. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta auna su a 2008 ta samu kusan kunnen doki, hayaƙin kabon kilo 550 na pampas, 570 na wanki, a shekara biyu da rabi, sai dai na wanki yana sauka da kusan kashi 40 cikin 100 in an cika inji, an shanya a igiya, kuma ƙani ya gada. Wato in rana ce ke busar miki kina gefen riba.

Ni dai ga inda na tsaya. In yaronki bai wuce wata 15 ba, kina wuni a gida ko mai kula da shi ta yarda, ruwa da rana ba matsala, ki sayi na wanki kamar guda 10 zuwa 12 don rana kawai, ki bar pampas na dare da fita da ranar gudawa, za ki ga daga 5 a rana kin koma 1 ko 2, fakiti ɗaya ya yi miki abin da uku suke yi. Kuma kar ki sayi duka lokaci guda, fara da uku ki gwada sati ɗaya ki ga ko yankan ya dace da cinyarsa, don wani yaron siriri ne wani kuma dumurmur. In ruwa saye kike yi, ko kina fita aiki tun safe, ko kina da jariri a hannu ga wannan, ki ci gaba da pampas ɗinki hankali kwance, kawai ki riƙa canzawa kan lokaci ki ba fatar iska. In kuma ya doshi shekara 2 yana ɓuya bayan labule yana nishi, kuɗin nafkin ɗin ki sayi fo da shi, ki ajiye a inda yake ɓuyan.